Ruwan toka: labarin wani bango

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina wannan karin magana, ina sa su juya shi zuwa Faransanci, ina bin aikinsu da jan biro, ban taɓa zaton wata rana zai juyo kaina ba. To, ga shi kuwa ɗakina bai yi yoyo ba, domin rufinsa sabo ne, da kaina na zaɓo tol ɗinsa a kasuwar Katako. Abin da ya same shi wani abu ne da na raina tun farko, har sai da ya kusa hana mahaifiyata zama a gidana. Launin bango ne kawai, mai karatu, launin da ke tsakanin fari da baƙi, wanda Faransawa ke kira gris, mu kuma muke ta kewaye-kewaye kafin mu ba shi suna.

Shekara goma sha bakwai na yi ina haya a Bukoki, tafiyar ƴan mintoci da ƙafa zuwa Katako. Duk wanda ya zauna gidan haya a Yamai ya san cewa ɗan haya ba ya da ta cewa a kan bango. Yadda ka tarar da shi haka za ka zauna da shi: daga ƙasa zuwa ƙirji fentin mai, shuɗi ko kore mai ƙyalli, daga nan zuwa sama fentin ruwa mai kama da ɗorawa, wanda hayaƙi da ƙura suka riga suka dafar. Da safe in tafi makaranta in tarar da irin wannan bango a aji, da tabon hannun yara, da sunayen waɗanda suka wuce tun shekarun baya. Da yamma in komo gida in sake tarar da shi. Saboda haka, lokacin da na sayi fili a gefen gari, wajen hanyar Filinge, a shekarar 2014, na yi wa kaina alkawari cewa ranar da Allah ya nufa na gama ginin, ni zan zaɓi launin da idona zai riƙa buɗewa a kansa.

Ginin malamin makaranta, kowa ya sani, tafiyar hawainiya ce. Bana a yi tushe, baɗi a ɗora bulo, a jira kwasar adashe a sayi ƙarfe, a ci bashin banki a yi rufi. A cikin waɗannan shekarun ne idona ya sauya. A watan Yuli na 2019 Yamai ta karɓi taron shugabannin Tarayyar Afirka, aka gina sabbin otal-otal, aka sabunta filin jirgin sama, gari ya cika da gilashi da ƙarfe da bango mai launin toka. A wayar hannu kuma, duk hoton falon da aka turo maka a matsayin na zamani, wannan launin za ka gani. Har kamfanin Pantone na Amurka, wanda ke fitar da launin shekara, ya zaɓi wani launin toka haɗe da rawaya a 2021. Ni dai abin da ya ja ni shi ne natsuwarsa. Mutumin da ya wuni cikin hayaniyar yara saba'in yana son ya shiga ɗakin da ba ya magana. Maiɗakina ta ce mini: "Malam, anya ba zai yi duhu ba?" Na ce mata ai matsakaici ne, bai kai baƙi ba, kuma ba ya nuna dauɗar hannun yara. Ta yi shiru, irin shirun da mata ke yi in sun ga namiji ya riga ya yanke shawara.

A cikin bazarar 2023 na shiga Katako neman fenti. Ga wanda bai san wurin ba, sunan kansa Hausa ne, daga katakon da ake sayarwa, amma kasuwar ta fi ƙarfin sunanta. Babu abin gini da ba a samu: siminti, ƙarfen rodi, tol, ƙusa, ƙofofi sababbi da tsofaffi. Can ciki kuma maƙera ne, masu narkar da tarkacen sanholo su zuba tukwane, masu fasa tsohuwar ganga su fitar da murhu ko akwatin amarya, ƙarar guduma ba ta yankewa daga hantsi har magariba. Abin da garin ya zubar, Katako ke ɗauka ta mayar masa da shi da sabon amfani. Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna cuɗanya a bakin mutum ɗaya, a cikin ciniki ɗaya.

Na tsaya a rumfar wani dattijo da na saba sayen ƙusa gare shi, muka gaisa, ya tambayi iyali da ƴan makaranta. Sai na buɗe baki zan faɗi abin da nake so, na ji kalmar ta maƙale. Ni da nake cin abinci da koyar da Hausa, na rasa yadda zan ce. Na ce, "Alhaji, fenti nake so, toka-toka, amma ba mai haske sosai ba, ba kuma mai duhu ba."

Ya ce, "Mushe, gri kake nufi?"

Na ce, "Shi."

Ya ce, "Na ƙofa ko na bango?"

Na ce na bango, na cikin ɗaki. Ya dube ni ta saman tabaransa, ya ce, "Ai bangonka da shi ya zo. Wace asara ce za ka sayi fenti ka shafa wa siminti launin siminti?" Muka yi dariya tare, ni ina ganin tsufa ne ya hana shi gane zamani.

A nan na koyi cewa wannan launin, a irin waɗannan rumfuna, haɗa shi ake yi. Ana ɗaukar bokitin farin fentin ruwa, wanda masu aikin ke kira fom, a ɗiga masa baƙin launi daga ƴar ƙaramar kwalba, a dama da sanda har ya gauraya. Digo kaɗan ke sauya bokiti guda. Alhaji ya ja mini kunne da abu uku, waɗanda na ji da kunne ɗaya. Na farko, kada a shafa fenti a kan sabon shafen siminti sai ya yi kamar wata guda yana bushewa, in ba haka ba gishirin da ke cikinsa zai feso ya ɓata launin. Na biyu, fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe, don haka a gwada a gefen bango, a bar shi ya kwana. Na uku, duk abin da za a shafa a ɗaki ɗaya a haɗa shi gaba ɗaya a babban mazubi, domin hannu ba ya maimaita digo. Ya kuma ƙara da cewa in da ƙananan yara a gida, in nisanci fentin mai wanda ba a san asalinsa ba. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi kan dalmar da ke cikin wasu irinsa, musamman ja da rawaya, saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yaro.

Sharaɗi na farko ya cika da kansa, tun da shafen ya shekara yana jiran kuɗi. Sauran biyun kuwa na karya su. Ban gwada ba, kuma kuɗin da ke aljihuna bokiti biyu suka saya, alhali aikin na uku ne. Da yaron da ya yi mini shafen ya komo da bokiti na uku, sai aka sami bangon gabas ya ɗan karkata zuwa shuɗi, sauran ukun suna nan kamar tokar murhu. Na ce ba kome, ba wanda zai lura. Muka shafe falo, da ɗakina, da ɗakin da na keɓe wa Inna, duk da launi ɗaya. Abokan aikina suka zo ganin gida, matasan cikinsu suka ce kamar a Turai. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata malamin Hausa ya ji.

Mahaifina ya rasu a 2021, kuma tun daga lokacin nake roƙon Inna ta baro Damagaram ta zo ta zauna tare da mu. Ta ƙi, tana cewa ba ta zama gidan haya, gidan da za a iya ce maka tashi. Da na aika mata cewa gida ya kammala, ta ce sai bayan layya. Haka aka yi. A farkon watan Yuli ta hawo mota, ta yi tafiyar kusan kilomita 900, ta ratsa Maraɗi, ta wuce Malbaza inda ake yin simintin da ya gina rabin gidajenmu, ta bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi, ta iso da dare a gajiye. Da gari ya waye na zagaya da ita, ina gaba tana biye, ina jiran albarka. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yabona a gaban idona; na san wannan. Amma ban shirya wa abin da ta faɗa ba. Ta shafa bangon falo da tafin hannu, ta juya wajen maiɗakina, ta rage murya yadda take zaton ba zan ji ba, ta ce: "Ɗiyata, kuɗin ne suka ƙare masa?"

Maiɗakina ta ce, "A'a Inna, an gama. Fenti ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Ba ta ƙara ba. Da yamma kuma ta kira ni, ta kwance bakin zanenta, ta miƙo mini ƴan kuɗin da ta zo da su, ta ce in ƙara in sayi farar ƙasa, kada baƙi su shigo su ga ɗaki tsirara.

Ya kamata in faɗi daga inda wannan ido ya fito. Inna haifaffiyar Birni ce, tsohuwar unguwar Damagaram, garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Mahaifinta magini ne, daga cikin masu yi wa fuskar gida zane tun laka tana ɗanya, su fitar da dagi da takobi da sauran siffofi, sannan a bi su da launi. Ta tashi tana ganin ana kwaɓa makuba daga ɓawon ɗorawa, ana shafe bango ya yi ja mai duhu. Kowace salla, ita da ƴan uwanta mata su jiƙa farar ƙasa, su ɗiga mata bula kaɗan, su shafe ɗakunansu da tsumma har hannu ya yi kanta. Sannan a mayar da jere: tasoshi da kwanonin sha da langa, a goge su, a ɗora wani kan wani har kusa da rufi. A wurinta, ɗakin mace shi ne shaidarta. Wanda ya shiga zai karanta a bango ko tana da tsabta, ko danginta sun yi mata gara, ko tana cikin walwala.

Na yi ƙoƙarin kare kaina da ilmin da nake taƙama da shi. Na ce, "Inna, ai launin nan ba baƙo ba ne a ginin Hausa. Laso fa? Ba da katsin marina ake yinsa ba, a ƙona shi ya zama toka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara? Ai launinsa ke nan." Ta ce, "Ka faɗi gaskiya. Amma ka taɓa ganin an yi laso a cikin ɗaki? A kan soro ake yinsa, da bakin indararo, inda ruwa ke duka." Na ce toka abar arziki ce, da ruwanta ake miya, da ita ake sabulu, da ita ake adana wake. Ta ce, "Duk na sani, ni na koya maka. Amma da asuba mace ke kwashe toka ta fitar waje, kafin ta hura wuta. Gidan da ka shiga ka tarar da toka kwance a murhu da rana tsaka, ka tambaya ko lafiya." Daga nan ban sake cewa kome ba. Sai dai ban sayi farar ƙasar ba. Na ce a raina za ta saba.

A watan Agusta na wannan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo wa Nijar, wadda ita ce mafi yawan abin da Yamai ke sha, kuma ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. Muka shiga zaman duhu, ga damina, hadari ya rufe sama, tagogi a rufe saboda sauro. A nan bangona ya nuna halinsa. Fitilar da ke haska ɗakin haya na Bukoki har a yi karatu, a nan sai ta zama kamar an saka ta cikin tulu. Na lura Inna ta rage fitowa. Tana lalube kafin ta sami ƙofa, tana zuba ruwa ya wuce bakin kofi. Wata magariba ta taso za ta yi alwalla, ƙofar ɗakinta, wadda ni da wayona na sa aka shafa mata launi ɗaya da bango don a yi tsari, ta ɓace mata. Ta bugi gefen bango da goshi, ta faɗi zaune. Ba ta ji ciwo mai yawa ba, alhamdu lillahi. Amma washegari ta ce wa maiɗakina ta haɗa mata kayanta, za ta koma gida da zarar hanya ta yi kyau. Ta ce, "Gidan nan ba ya ganina, ni ma ba na ganinsa."

Daren nan ban yi barci ba. Na tuna abin da na sani tun ina ɗalibi, wanda sha'awa ta sa na manta. Bango ba ya haifar da haske, mayar da shi yake yi. Farin fenti yana mayar da wajen kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Launin toka na tsakiya, wanda ido ke gani rabi fari rabi baƙi, abin da yake mayarwa bai kai rabin wannan ba; masu ɗaukar hoto suna da wani kati mai wannan launi da suke auna haske da shi, kashi 18 kawai yake mayarwa. Ke nan na sayi fenti da kuɗina na shafe fiye da rabin hasken ɗakin tsohuwata. Ga shi kuma idon tsoho yana bukatar haske ninki biyu ko uku na abin da ke isar saurayi. Hotunan da suka ruɗe ni a waya an ɗauke su ne a gidaje masu taga kamar ƙofar gareji, da fitilu goma a rufi waɗanda ba sa mutuwa. Mu kuwa muna ƙanƙanta taga da gangan saboda rana da ƙura da ɓarawo.

Na roƙe ta ta ba ni mako biyu. Da farko na kai ta wajen likitan ido, ya ce yana ce ta rufe idon dama, ta fara taɓa na hagu, kuma aiki ne na ɗan lokaci. Ya ce wannan ciwon shi ne kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali yana da magani. Ashe ta daɗe da shi, amma a ɗakinta na Birni, inda ƙafarta ta san kowane taku kuma farin bango ke taimakonta, ba wanda ya gane, har ita kanta. Likitan ya ƙara mini da wata shawara da ba ta cikin takardar magani: mai raunin gani yana gane abu ne ta bambancinsa da abin da ke bayansa, don haka ƙofa ta bambanta da bango, bakin matakala ya bambanta da daɓe.

Sannan na koma Katako. Alhaji ya gan ni tun daga nesa, ya ce, "Mushe, an zo ƙarin gri?" Na ba shi labari. Bai yi mini dariya ba, ko da yake yana da hakkin yi. Ya ce rufe launi mai duhu da fari sai an shafa sau biyu ko uku, ya lissafa mini abin da zai isa, ya rage mini wani abu a kan kuɗin, ya ce a gaida Hajiya. Ɗakin Inna muka mayar da shi fari tas, rufi da bango, ta sa aka ɗiga bula da hannunta. Ƙofarta muka shafa mata kore, irin na ƙofar gidanmu na Birni. A falo kuma kuɗi suka ƙare da gaske a wannan karon: bango uku suka koma fari, na gabas, mai ɗan shuɗin nan da aka yi kuskuren haɗawa, ya rage yadda yake. Na ce sai ƙarshen wata.

Kafin ƙarshen watan aka yi mata aikin ido, kuma ƙanena ya aiko da sauran kayanta daga Damagaram, cikinsu har da buhu biyu na jerenta na aure, wanda ya girme ni. Ɗakinta ya kasa ɗauka. Wata rana na komo daga makaranta na tarar ta sa yara sun jawo kabad sun jingina da bangon gabas, ta jera tasoshinta a kai, ta rataye faifai huɗu masu ja da rawaya da kore a sama, da wata tsohuwar tabarma ta kaba a gefe. Na tsaya a bakin ƙofa. Tasoshin nan na san su tun ina rarrafe, amma ban taɓa ganin jansu ya yi ja haka ba. A kan farin bango haske ke cinye su. A nan kuwa kowane launi ya tsaya da ƙafarsa, bangon ya ja da baya ya ba su wuri. Shi kansa bangon ya daina kama da siminti.

Abin yana da bayani, kuma a tarihin Faransa da nake koyarwa yake. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris. Masaƙa suna kuka cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya fita sosai. Ya bincika ya tarar rinin ba shi da laifi, maƙwabcin zaren ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan wannan ƙa'ida: launi biyu in suka yi maƙwabtaka, kowane yana tura ɗan uwansa. Launin toka kusa da ja yakan karkata zuwa kore, kusa da ruwan goro yakan karkata zuwa shuɗi, shi kuma yana ƙara wa maƙwabcinsa ƙarfi. Na karanta wannan a makarantar horon malamai. Inna ba ta taɓa jin sunan Chevreul ba, amma masaƙan faifai da dukawa da marinan garinsu da wannan sanin suke aiki tun kaka da kakanni. Da na ce mata gobe mai fenti zai zo ya ƙarasa bangon, ta ce, "Bar shi. Wannan ya san matsayinsa."

Tun daga ranar nake tunanin yadda muke aron ido. A 1925 maginin nan Le Corbusier ya yi kira ga mutanen Turai su shafe bangonsu da fari, su kori ado daga ɗaki, aka kira wannan ci gaba, a daidai lokacin da kakannina mata ke shafa farar ƙasa kowace salla ba tare da sun kori ko tasa ɗaya ba. Bayan kusan shekara ɗari aka ce launin toka ne ci gaba, na bi. Ba na cewa aro laifi ne; Katako kanta da aro take rayuwa, amma ba ta mayar maka da ganga a matsayin ganga, sai ta auna ta da bukatar gidanka. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da bulon jar ƙasa a 2018, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Waɗannan sun san duniya, sun kuma fara da tambayar rana da ƙasa da mutanen wurin. Ni ban tambayi ko matar da na gina wa ɗakin ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Da aka koma makaranta na tambayi ɗalibaina sunayen launi da Hausa. Fari, baƙi, ja suka zo da gudu. Kore da shuɗi da rawaya suka biyo baya. Daga nan sai gri, da maro, da roz. Na rubuta musu a allo: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, tsanwa, algashi. Na nuna musu hikimar da ke ciki, cewa Bahaushe yana ɗaukar abin da kowa ya sani ya ce "ruwan" kaza, sai launi ya sami suna, kuma ƙofar a buɗe take ga duk wanda ke son ƙari. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, to launin sama a lokacin hunturu fa, in hazo ya rufe kogi har ba a hango gadar Kennedy? Na ce ta ba shi suna. Ta ce ruwan hazo. Na rubuta shi a ƙarƙashin sauran. Na tabbata a bakin marina da magina da masu dawaki akwai sunaye da yawa da ba su shiga ƙamus ba, kuma masu su tsufa suke yi. Aikin hutu ɗaya ne ga ƙungiyar da ta sa kanta: a ba yara littafi da biro, a tura su Katako da sauran kasuwanni, su zauna gaban masu sana'a su rubuto.

Wanda kuma ke sha'awar wannan launi a ɗakinsa, ba na hana shi, don har yanzu ina sonsa. Sai dai ya gwada a bango ya duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare a hasken fitilar hannu. Ya bar rufi fari. Ya dubi girman tagarsa, ya tuna jar ƙurar Yamai za ta kwanta a kai. Ya haɗa fentinsa a mazubi ɗaya. Kafin duk wannan, ya tambayi mafi tsufan waɗanda za su kwana a gidan.

Inna ba ta koma Damagaram ba, sai ziyara. An yi mata ido na biyu, yanzu ita ke zura wa maiɗakina zare a allura. Kowace salla tana sa a sauke tasoshin a goge, a share ƙurar bangon da tsumma mai laima, a mayar. Ranar jajiberin sallar da ta wuce wata maƙwabciya ta shigo, ta daɗe tana kallon jeren, ta tambayi sunan fentin don ta sa a yi mata irinsa. Ina daga ɗaki ina jin su. Inna ta ce, "Ruwan toka ne. Yaron nan ne ya zaɓo shi." Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran yabo daga bakinta, wannan ne mafi kusa da na samu, kuma ya ishe ni. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.